Ta ina ake fara neman tarihin kamfanonin da suka nemi tagulla a Hufratun Nahas?

"Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne daga Gadarif, ina shirin rubuta kundin digiri na biyu a fannin tarihi. Tun ina yaro nake jin kakana yana cewa mahaifinsa, a hanyarsa ta zuwa Makka da ƙafa, ya tsaya ya yi aikin lebura wajen wasu Turawa masu neman tagulla a kudancin Darfur, a wurin da ake kira Hufratun Nahas. Ina so in yi bincike a kan kamfanonin da suka yi aiki a can, amma duk abin da nake samu a intanet labarin rikicin iyaka ne. Ga shi yaƙi ya hana mu zuwa Hartum. Ta ina zan fara?"

Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya yi wa karatunka albarka, ya jiƙan magabata. Tambayarka gida biyu ce, ko da yake ka haɗa su. Ɗaya ita ce su wane ne kamfanonin, me suka yi, me ya sa suka tafi. Ɗayar ita ce ina kakan mahaifinka da ire-irensa suke a cikin labarin. Ta farko takarda za ta amsa maka ita. Ta biyu takarda za ta kai ka bakin ƙofa ne kawai, sauran sai ka ji daga bakin mutane.

Abin da ya sa ba ka sami komai ba shi ne kana neman wani ɗaki guda da aka tara takardun kamfani a ciki. Kamfanin da ya yi shekara hamsin yana fitar da ma'adini yana cin riba shi ne yake barin irin wannan ɗaki. Waɗanda suka zo Hufra masu lalube ne: su haƙa ramuka, su ɗebi samfuri, su auna, su rubuta rahoto, su naɗe kayansu. Takardun irin wannan kamfani suna warwatse ne a hannun duk wanda ya zama masa dole ya yi wa bayani, wato gwamnatin da ta ba shi izini, da masu hannun jarin da suka ba shi kuɗi, da uwar kamfanin da ta haife shi. Waɗannan ukun za ka bi.

Wurin kafin zuwan kamfani

Kada ka fara kundinka daga ranar da Bature ya sauke kaya. Sunan wurin kansa, ramin tagulla, ya girmi kowane kamfani. Mutanen ƙasar sun daɗe suna haƙa suna narkawa, suna ƙera tagullar zobba-zobba, fatake Jallaba suna ɗauka zuwa kasuwannin Darfur da Wadai. Kuma ta kai har ƙasar kakanninmu. Heinrich Barth, Bajamushen da aka sani da Abdulkarim, wanda ya shiga Kano a 1851, da yake lissafa hajojin kasuwar birnin ya ambaci jan ƙarfen da fatake daga Wadai suke kawowa daga wata mahaƙa da ke kudu da Darfur, ya kira ta Hofra. Wannan guntun bayani ya isa ya buɗe maka babi guda, domin ya nuna hanyar da kakan mahaifinka ya biyo gabas ita ce tagullar ta riga ta bi zuwa yamma.

Don sanin kasuwancin Darfur da ƙasar Fartit, wato yankin da ke kudu da ita inda Hufra take, a wancan zamani, karanta Browne, ɗan Ingilan da ya zauna a Darfur daga 1793 zuwa 1796, da Muhammad bin Umar Attunisi a littafinsa Tashhizul Azhan, da Nachtigal wanda ya ratsa ƙasar a 1874, shekarar da Zubairu Basha ya ci daular Darfur da yaƙi. Bayan haka hafsoshin Masar sun zagaya yankin suna zana taswira, kuma takardun zamanin Turkiyya a Darul Wasa'iƙ ta Alkahira suke. Idan kana cikin waɗanda yaƙi ya kai Masar, ko kana da ɗan'uwa ɗalibi a can, wannan ƙofa ce da ta fi kusa da kai fiye da da.

Suna kafin komai

Abu biyu suke ɓatar da masu bincike a kan Hufra, kuma dukansu na ga sun cinye wa ɗalibai watanni.

Na farko rubutun sunan. Turawa sun rubuta shi Hofrat en Nahas, da Hofrat el Nahas, da Hufrat al-Nahas, wasu El Hofra kawai. Na'urar bincike ba ta san cewa wuri ɗaya ne ba. Ka rubuta dukansu a takarda, ka ƙara da rubutun Larabci, ka ƙara da sunayen maƙwabtan garuruwa kamar Kafia Kingi da Raja, wadda su suke rubutawa Raga, sannan duk kundin da ka shiga ka gwada su ɗaya bayan ɗaya.

Na biyu ya fi wannan muhimmanci. Kai ka san Hufra a Darfur take, amma a zamanin mulkin Ingila da Masar tana ƙarƙashin lardin Baharul Gazal ne, a gundumarsa ta yamma wadda hedikwatarta take Raja. Sai a 1960, zamanin Janar Abbud, aka mayar da ita da Kafia Kingi ƙarƙashin Darfur. Daga nan ne rikicin iyakar da kake gani a intanet ya samo asali, tun da yarjejeniyar zaman lafiya ta 2005 ta ɗauki iyakar 1 ga Janairu 1956 a matsayin ma'auni tsakanin arewa da kudu. Abin da wannan yake nufi gare ka shi ne, mufattishin, wato jami'in mulkin gunduma, da ya rubuta wa kamfani wasiƙa a shekarun 1920 mufattishin Raja ne, mudirin, wato gwamnan lardin, da yake kai wa rahoto kuma yana Waw. Wani ɗalibina ya taɓa shafe lokaci mai tsawo yana juya fayilolin Darfur, har ya fara cewa babu komai a kan batun. Ranar da ya koma kan na Baharul Gazal sai ga abin ya fara fitowa.

Kamfanin da labarin kakanka ya fi kama da shi shi ne Nile Congo Divide Syndicate, wanda ya yi bincike a yankin a shekarun 1920. Shi kuwa ba mai zaman kansa ba ne, reshe ne na gidan Tanganyika Concessions, kamfanin da Robert Williams ya kafa a 1899, wanda yake da hannu a kafa Union Minière du Haut-Katanga a Kwango a 1906 da kuma shimfiɗa layin dogon Benguela a Angola. Wato mutanen da suka riga suka ɗanɗana tagullar Katanga ne suka hango ko akwai irinta a tudun da ya raba ruwan Nilu da na Kwango. Kafin su ma Sarkin Beljiyam Leopold na II ya sa ido a kan yankin Baharul Gazal, abin da ya kawo yarjejeniyarsa da Ingila ta 1894 da wadda ta rage masa rabo a 1906. Da zarar ka gane wannan salsala, ka san inda za ka nufa: takardun gidan Tanganyika Concessions suna ɗakin karatu na Jami'ar Mancesta, na Union Minière kuma suna gidan adana takardun ƙasar Beljiyam a Burasels. Ba sai ka je ba tukuna. Ka rubuta musu wasiƙar imel gajera, ka faɗi sunan reshen da shekarun da kake nema, ka tambayi ko suna da shi a jerinsu da kuɗin ɗaukar hoton shafuka. A iya abin da na gani, ma'aikatan irin waɗannan gidaje sun fi saurin amsa tambaya mai suna da shekara fiye da wadda ta ce a aiko da duk abin da ya shafi Sudan.

Takardun gwamnati

Darul Wasa'iƙil Ƙaumiyya da ke Hartum, gidan da marigayi Dakta Muhammad Ibrahim Abu Salim ya raya, shi ne uwa ga wannan bincike. A nan fayilolin Sakataren Mulki da na Sashen Leƙen Asiri da na larduna suke. Na yi shekaru ina zama a ɗakin karatunsa, kuma har yau idan na tuna ƙanshin tsofaffin fayilolin nan sai zuciyata ta yi nauyi saboda abin da ya sami birnin tun 15 ga Afrilun 2023. Shawarata ita ce kada ka ɗora kundinka a kansa. Ka tsara aikin yadda zai tsaya ba tare da shi ba, idan Allah ya buɗe hanya sai ya zama ƙari.

Abin da zai cece ka shi ne gwamnatin wancan lokaci ba ta rubuta takarda kwafi ɗaya. Kuma a nan akwai wani tarko. Sudan a takarda ba mallakar Ingila ita kaɗai ba ce, mulkin haɗin gwiwa ne da Masar tun 1899, saboda haka ba ta ƙarƙashin Ma'aikatar Mulkin Mallaka yadda Nijeriya take. Gwamna Janar yana aika rahoto Alkahira ne, daga can a wuce da shi Ma'aikatar Harkokin Waje a Landan. Don haka a gidan adana takardun Birtaniya da ke Kew, jerin da ke da harafin FO, wato na Ma'aikatar Harkokin Wajen, za ka duba: FO 141 na ofishinsu na Alkahira, FO 371 na wasiƙun siyasa, FO 407 na takardun sirrin da aka buga a kan Masar da Sudan. Jerin sunayen fayilolin kyauta ne a intanet, kana iya bincikensa daga wayarka a Gadarif.

Sai Jami'ar Durham a arewacin Ingila, inda tun 1957 ake tara takardun tsofaffin ma'aikatan Sudan: wasiƙunsu zuwa gida, da littattafan da suke rubuta abin da ya faru kullum, da hotuna. Sun sa rahotannin leƙen asiri da rahotannin shekara na Gwamna Janar da jerin sunayen ma'aikata da taswirori a intanet. Ga yadda nake amfani da su. Daga jerin ma'aikata sai in gano wane ne mufattishin Raja a shekara kaza. Da sunansa sai in duba ko ya bar takardu. Sau da yawa abin da bai rubuta a rahoton ofis ba, kamar rigimarsa da injiniyan kamfani a kan 'yan dako, yakan rubuta wa matarsa ko mahaifiyarsa. Ka kuma bi Gazet ɗin gwamnatin Sudan, inda ake buga dokoki da sanarwar hukuma, da mujallar Sudan Notes and Records wadda ta fara fitowa a 1918. Gidan adana takardun Sudan ta Kudu a Juba ma yana da fayilolin lardunan kudu, kuma tun da ka san Hufra tasu ce a lokacin, ka san dalilin tambayarsu.

Bayan samun 'yanci labarin ya koma hannun masana duwatsu na gwamnati. Sashen Binciken Ƙasa ya buga rahoton Afia da Widatalla a kan tagullar Hufra a 1961, daga baya shirin raya ƙasashe na Majalisar Ɗinkin Duniya ya yi nasa binciken, kuma littafin Whiteman na 1971 a kan duwatsun Sudan ya tattara abin da aka sani zuwa lokacin. Ɗaliban tarihi suna gudun irin waɗannan rahotanni saboda alƙaluma, alhali kusan kowannensu yana buɗewa da babin ayyukan da aka yi a baya. A shafi uku ko huɗu za a jera maka wanda ya zo, da shekarar da ya zo, da ramin da ya haƙa, da rahotannin da ba a buga ba. Idan da zan ce ka karanta abu ɗaya a wannan makon, wannan babin ne.

Takardun masu kuɗi

Kamfanin da aka yi wa rajista a Landan dole ya bar sawu. Akwai littafin shekara-shekara mai suna Mining Manual na Walter Skinner, wanda daga baya ya zama Mining Year Book. Kowane kamfanin haƙa yana da ɗan sakin layi a ciki: ranar rajista, da jari, da daraktoci, da inda yake da izini. Ɗauki na shekaru goma a jere ka karanta sakin layin kamfani guda, za ka ga rayuwarsa daga haihuwa zuwa mutuwa. Ka kula da sunayen daraktoci musamman, don mutum ɗaya za ka gani a kamfani biyar, kuma ta nan ake gane wanda yake riƙe da akalar. Fayilolin kamfanonin da aka rushe suna jerin BT 31 a Kew, sai dai ba duka aka ajiye ba, an zaɓi wasu an zubar da wasu. Sanarwar rushe kamfani tana fitowa a London Gazette, wadda take kyauta a intanet. Ɗakin karatu na Guildhall a Landan yana da rahotannin shekara na kamfanonin kasuwar hannun jari. Jaridun sana'ar kuwa, Mining Journal da Mining Magazine, suna kawo jawabin shugaban kamfani a taron masu hannun jari.

A nan ne nake so ka yi taka-tsantsan. Jawabin shugaban kamfani maganar dillali ce a gaban mai saye. Idan ya ce an sami dutse mai kashi kaza cikin ɗari na tagulla, ka tambaya: samfurin da aka tsinta da hannu ne daga mafi kyan wuri, ko matsakaicin abin da rami ya bayar? Tsakanin biyun akwai nisa. Ka ajiye jawabinsa kusa da wasiƙar injiniyan da ke daji, kusa da rahoton mufattishi na watan, ka ga inda suka saɓa. Wannan saɓanin shi ne naman kundinka. Ni ba masanin duwatsu ba ne, iyakata in gaya maka wanda ya rubuta alƙaluman da abin da yake so a yi da su. Ko ma'adinin ya isa a haƙa ko bai isa ba, ka kai wa malamin sashen ilimin duwatsu ya duba maka, kuma ka rubuta sunansa a godiya.

Ka kuma lura da ma'auni. Tan ɗin Ingila na lokacin laba 2,240 ne. Kuɗin da ake kashewa a Sudan har 1957 fam ɗin Masar ne, mai girshi 100, kuma fam ɗin Ingila girshi 97 da rabi yake. Albashin lebura da girshi za ka gan shi, jarin kamfani da fam ɗin Ingila, kada ka haɗa su a jadawali ɗaya ba tare da ka daidaita ba.

Game da dalilin da ya sa ba a kafa babbar mahaƙa ba, takardu za su ba ka nasu bayanin, amma ka shiga da taswira a hannu. A shekarun 1920 layin dogo ya tsaya ne a Ubayyid, ɗaruruwan kilomitoci daga Hufra, bai kai Nyala ba sai 1959. Tagulla kaya ce mai nauyi, ba kamar zinariya ba da ake ɗaurewa a bakin zane. Sannan farashinta ya faɗi warwas bayan 1929, daidai lokacin da manyan mahaƙun Rodeshiya ta Arewa, Zambiya ta yau, suka fara fitarwa, kamar mahaƙar Roan Antelope a 1931. Mai kuɗi a Landan yana da wurin da ya fi sauƙi ya zuba jarinsa. Wannan hasashe ne mai ƙarfi da za ka gwada da takardu, kada ka rubuta shi a matsayin abin da ka riga ka tabbatar.

Kakan mahaifinka

Ka shirya zuciyarka: da wuya ka ga sunansa a rubuce. Takardun kamfani suna ƙirga ma'aikata ne, ba sa kiran sunansu. Abin da za ka iya samu shi ne lebura kaza, albashi kaza, da kalmomin da ake yi wa mutanenmu laƙabi da su. Ka nemi Fellata, da Takruri ko Takarir, da kalmomin Ingilishi na 'yan yamma da na mahajjata, domin da wuya a rubuta Hausa kai tsaye. Hukuma ta damu da masu tafiya Makka daga yamma saboda cututtuka da kuma tsoron Mahadiyya, don haka rahotannin leƙen asiri da na lafiya sun fi na kamfani yawan ambatonsu.

Akwai kuma abin da ya wargaza shaidun. A farkon shekarun 1930, ƙarƙashin manufar raba kudu da arewa, Turawa suka tashi Kafia Kingi, aka kwashe mutane, wasu zuwa wajen Raja, wasu suka yi arewa cikin Darfur. Saboda haka jikokin waɗanda suka san ramukan, Kireish da Binga da Kara da Yulu da baƙin da suka zauna cikinsu, ba a Hufra kaɗai suke ba. Suna Radom da Buram da Nyala da Raja, yanzu kuma yaƙi ya ƙara watsa su. Binciken Edward Thomas a kan yankin Kafia Kingi, wanda ya fito a 2010, ya dogara sosai da hira da irin waɗannan mutane, kuma zai nuna maka yadda ake haɗa baki da takarda. Zuwa wurin da kanka a wannan hali kuwa, ban yarda ba, kuma kada wani ya zuga ka.

Fara daga gida. Idan kakanka yana raye, ka zauna da shi gobe, ba bayan ka gama karatun takardu ba. In ya rasu, akwai gwaggo ko baba da ta ji labarin fiye da sau ɗari, kuma mata sun fi riƙe irin wannan dalla-dalla. Ka nemi izini ka naɗa a waya. Kada ka tambayi shekara, ba da ita suke lissafi ba. Tambayi ko kafin a kashe Sarkin Darfur Ali Dinar ne ko bayan haka, wato 1916. Tambayi da me ake biyansu, kuɗi ko hatsi ko ƙyalle. Tambayi laƙabin da suka sa wa Baturen, da wanda yake yi musu tafinta, da damina nawa ya yi a can, da garin da ya nufa da ya tashi, da ko ya zo da wani munduwa ko zobe na jan ƙarfe da har yanzu yake cikin kayan wata tsohuwa. Daga nan ka roƙi liman ko shehun unguwarku ya haɗa ka da wasu gidajen da kakanninsu suka biyo ta kudancin Darfur, a Gadarif da Mai Wurno da ƙauyukan Jazira. Kowace hira ka rubuta ranarta da wurinta da dangantakar mai maganar da wanda ya ga abin da idonsa, ka ajiye kwafi biyu, ɗaya a wajen wani ɗan'uwa da ke wani gari.

Idan ka kawo wa mai duba kundinka hira biyar, da jerin rubuce-rubucen sunan wurin, da sakin layin kamfanin daga littafin Skinner na wasu shekaru, da amsar da Mancesta da Durham suka ba ka, kana da abin da za ka kare shawarar bincikenka da shi. Ka taƙaita ta a kan shekarun 1920 zuwa tashin Kafia Kingi, ka bar zamanin bayan 'yanci sai digiri na uku, in Allah ya kai mu.